Babi na Biyar: Sumayya a Dakoro

Littafin soyayya na Kano ba shi da nauyi. Takardarsa irin ta jarida ce, shafukansa ba su cika kai ɗari ba, an ɗinke tsakiyarsa da 'yar waya, a bango kuma hoton wata kyakkyawa ko furanni masu launi. A shafin ƙarshe, daidai inda zuciyar mai karatu ta tsinke, marubuci zai tsaya ya ce a nemi littafi na biyu. Rashin nauyin nan shi ya ba shi ƙafa. A da, ɗan ci-rani da ya ƙare rani a Kano yana ga-ruwa ko sayar da shayi, in damina ta matso sai ya biya kasuwar Sabon Gari ya yi tsaraba, ya cusa littafi biyu ko uku tsakanin turmin atamfa da sabulu. Daga nan sai Katsina, sai Jibiya, a ƙetare iyaka a Ɗan Isa, a sauka Maraɗi, a sake mota a miƙi hanyar arewa wajen kilomita 120. Haka labaran 'yan matan birnin Kano suka dinga isa Dakoro, ba da hannun wani kamfani ba, ba da sanin marubutansu ba.

Dakoro ba tsohon birni ba ne irin Katsina ko Daura. Turawan Faransa ne suka kafa barikin mulki a wurin a 1947, garin ya girma a kewayensa. Tsufan yana Birnin Lalle, nan kusa, inda Gobirawa suka yi zamani kafin su gangara kudu. Abin da ya bambanta Dakoro shi ne matsayinsa a bakin gaɓa: ta kudu gonakin hatsi da wake na ƙasar Kornaka, ta arewa kwarin Tarka da dajin kiwo har Gadabeji. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma layin ya ratsa wannan yanki. Saboda haka a kasuwa ɗaya za ka ga Bagobiri da Ba'adare da Bakatsine, ga Fulani, ga Wodaɓe, ga Buzaye da raƙumansu, kowa ya san na wane ne, kowa ya san gidan da zai iya neman aure da gidan da ko sallama ba zai yi da wannan niyya ba.

A cikin littattafan da suka bi wannan hanya, babu wanda ya yi suna kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito wajajen 1991. Labarin a taƙaice: Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad kuwa ɗan talakawa ne mai ilimi da natsuwa. Ita ta fara ganinsa, ita ta fara so, ita kuma ta aika masa. Shi ya yi ta ja da baya, don ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ga Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai kuɗi, wanda da ya ga bai samu kan yarinyar ba sai ya bi ta hannun manyan gidan da alheri da kyauta. Da aka matsa mata, Sumayya ta faɗa rijiya. Ba ta mutu ba, kuma wannan ne ya karya taurin kan iyaye. Littafin ya sayu fiye da yadda kowa ya zata, aka mai da shi fim, aka fassara shi da Ingilishi. Wani masani, Brian Larkin, ya yi nazarinsa a 1997 yana kwatanta shi da finafinan Indiya da Hausawa suka daɗe suna kallo a silima.

Marubucin kansa ba ɗan gata ba ne. Bai yi boko yana yaro ba, sai da ya girma ya shiga ajin manya na yamma a Kano. Shi da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa suka kafa ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, don kamfanonin ɗab'i na gwamnati sun durƙushe a lokacin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980. Malaman jami'a wasu suka raina abin. Ibrahim Malumfashi ya raɗa masa Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya masa, aka yi ta kai ruwa rana a shafukan jarida a ƙarshen shekarun 1990. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a wata makarantar 'yan mata, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau da shirinsa na A Daidaita Sahu. Duk wannan hayaniya ba ta iso Dakoro ba. Littattafan dai sun iso.

Talaka da mai kuɗi a kan mace ɗaya ba sabon zance ba ne a adabin Hausa. Tun cikin littattafan farko da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a shekarun 1930 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. A can ma Abubakar yana son Zainab, Malam Shaihu mai dukiya ya zo ya ƙwace ta da ƙarfin aljihu. Sai dai a Jiki Magayi, da zarar an ɗaura aure labarin ya bar hannun Zainab ya koma na maza, na ramuwa da asiri da ɗan da ya zama ɓarawo. Abin da Gidan Dabino ya yi bayan shekara hamsin da ɗoriya shi ne ya miƙa wa yarinyar akalar labari. A ganina wannan shi ne ya sa littafin ya kama zukata, fiye da zancen kuɗi da talauci. Budurwa ta ce ga wanda nake so, ta faɗa da bakinta, ta rubuta da hannunta, kuma marubuci bai hukunta ta ba.

Don a gane nauyin wannan a Dakoro, sai a dubi alƙaluma. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Dokar ƙasa ta rubuce ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma yawancin aure ba ya bi ta ofis, a zaure ake ɗaura shi bisa al'ada da addini. Yarinyar da ta kai kwaleji har ta iya karanta littafi ita kaɗai tana cikin 'yan ƙalilan. Da Faransanci aka koya mata karatu, amma baƙaƙen iri ɗaya ne, kwana kaɗan sai bakinta ya faɗa da Hausar boko. A zamanin littafin takarda, ita ce ke zama kan tabarma bayan an kwashe tuwo, da fitila mai batir, ƙannenta da matan yayyenta da maƙwabta sun kewaye ta, wata na tsifa, wata na shayar da jinjiri. In ta zo inda aka ambaci sakandare ko bautar ƙasa ko naira dubu kaza, sai ta tsaya ta juya musu shi zuwa lise da jika. In ta zo inda Abdulƙadir ya sauke kaya a gidan su Sumayya, sai muhawara ta ɓarke. Wata ta ce wallahi ita da ta bi mai kuɗin ta huta. Wata ta ce kuɗin banza. Tsohuwar gida daga ɗaki ta ce, "Ku dai ku yi ta karanta ƙarya. Wa ya taɓa ganin ɗiyar mutunci ta aika wa namiji takarda?" Amma ba ta ce a rufe littafin ba, kuma gobe ita za ta fara tambaya ko yarinyar nan ta fito daga rijiya.

To, a nan ne littafin Kano da rayuwar Dakoro suke rabuwa. A littafi, katangar da ke tsakanin masoya kuɗi ce. Kuɗi kuwa abu ne mai zuwa mai tafiya, kuma babu wanda ya san haka kamar mutumin wannan yanki. Farin 1973 da na 1984 sun mai da masu garken ɗaruruwan shanu masu gadi a Maraɗi da Kano da Legas. Yunwar 2005 ta sa magidanta sun sayar da gonakin gado. A ɗaya gefen kuma, yaron da ya tafi Libiya ko Aljeriya da 'yar jaka ɗaya yana iya dawowa ya gina gidan siminti, ya sayi babur, ya kai akwatunan lefe har gidan da a da ba ya isa ya tsaya ƙofarsa. Tsadar aure matsala ce ta gaske, har gwamnatin Seyni Kountché ta taɓa ƙoƙarin ƙayyade abin da ake kashewa, kuma masaniya Barbara Cooper ta yi dogon bayani a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi game da yadda kayan ɗaki da kyaututtukan biki suka zama ma'aunin darajar mace. Duk da haka, saurayin da talauci kaɗai ya tsaya masa yana da abin yi: ya tafi bida, ya yi haƙuri, ya roƙi Allah.

Akwai wata katangar da ci-rani ba ya rushewa. In saurayi ya turo magabatansa, kafin a karɓi goro sai an yi bincike. Ana tura wani kawu ko wata gwaggo mai wayo zuwa garin su yaron, ba don a ƙirga buhunan hatsinsa ba. Za ta sauka gidan wata 'yar'uwa kamar ta zo gaisuwa, a yi hira, a zagaya, can ta ce, "Ni kam Yaya, gidan su wane, mutanen ina ne asalinsu?" Amsar ba ta wuce kalma biyu ko uku. Maƙera ne. Mahauta ne. Kakansu maroƙi ne. Ko kuma a sassauta murya a ce kakarsu sayo ta aka yi. Gwaggo ta dawo gida ta ce wa uban yarinya, "Malam, a bar zancen nan," shi kuma ya aika wa mutane cewa an riga an yi wa yarinya miji. Ba wanda zai faɗi dalili a fili, kuma kowa ya sani. Yaron na iya zama malamin makaranta ko ma'aikacin likita mai albashi, ya fi duk samarin dangin yarinyar rufin asiri. Abin da za a ce shi ne ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

 Tun a 1959 masani M. G. Smith ya rubuta yadda Hausawa ke jera sana'o'i daraja-daraja, da bambancin sana'ar gado da wadda aka shiga da rana tsaka. Abin kuma bai tsaya ga Hausawa ba. A wajen Buzaye layin ya fi kauri: akwai masu asali, akwai maƙera da ke auren junansu, akwai zuriyar bayi waɗanda har yau ake tuna musu. Bafulatanin daji kuma yana da nasa ra'ayin game da ba Kaɗo 'yarsa, kome yawan rumbunansa. Mahauci a kasuwar Dakoro na iya yanka sa kowace safiya, ya je Makka, ya gina masallaci a unguwa, a kira shi Alhaji da girmamawa. Ranar da ɗansa ya nemi ɗiyar gidan sarauta, a ranar zai ji inda aka ajiye shi.

Abin mamaki, fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garin bai goyi bayan wannan ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta Nijar da arewacin Najeriya, dacewar miji da mata ana auna ta ne da addini da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure. Wasu mazhabobi sun sa nasaba da sana'a a ma'auni, Malikiyya ba ta ba su wannan matsayi ba. Mafi ƙarancin sadaki ma rubu'in dinari ne. Sai dai mazhabar nan ɗaya ita ce ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ko ba da yardarta ba, kamar yadda ɗalibi ke tararwa a littafin Risala. Iyaye sun riƙe wannan hukunci da hannu biyu, sun saki wancan. Marubutan soyayya kuwa, da wayonsu, sun yi ta jawo hujjar addini cikin bakin jarumansu, suna cewa arziki na Allah ne, kuma a nemi yardar yarinya. Da wannan hujja suka kare kansu daga masu cewa suna lalata tarbiyya. Amma sun harba ta ne a kan kuɗi kawai. Da wuya ka ɗauki littafin da jaruminsa ɗan mahauta ne ko jikan bawa, ya nemi 'yar sarki, a ƙi shi saboda haka, marubuci ya tsaya a kan zancen har ƙarshe.

Ko a kan kuɗin ma, yawancinsu sukan yi wa mai karatu dabara. Talakan littafi ba ya mutuwa talaka. Ko ya ci jarrabawa ya zama likita, ko wani attajiri ya ɗauke shi ya danƙa masa dukiya, ko kuma a shafukan ƙarshe a gano cewa marainiyar nan da kishiyar uwa ke azabtarwa ashe 'yar wani hamshaƙi ce da aka sace tana jaririya. Wannan dabara ta ƙarshe ita ta fi ba ni haushi, don tana ƙarfafa abin da ake zaton tana rusawa: yarinyar ta cancanci ɗan gidan ne saboda dama can jininta na manya ne. Gwaggon da aka tura bincike ba za ta sami abin faɗa a kan irin wannan littafi ba.

Akwai waɗanda suka matsa kusa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, labarin Bafulatana ce, Boɗaɗo, da ta nace sai wanda ba ƙabilarta ba, dangi suna ƙi. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, inda katangar ta zama ilimi: saurayin da ya yi boko ya juya wa yarinyar da aka hana karatu baya. Wannan kam mata a Dakoro sun san shi da idonsu, don sun ga yadda ɗan ƙauye ke zama ma'aikaci a Yamai ya dawo ya ce ƙanwar da aka yi masa alkawari ba ta waye ba.

Labarin da ya taɓo asali kai tsaye ba marubuci ya ƙaga shi ba, a kotu aka ji shi, kuma daga jihar Tawa maƙwabciya ya fito. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, a kan jika 240, ga wani mai hali a yankin Birnin Ƙonni, don uwarta baiwa ce. Ta zama abin da ake kira wahaya, tana aikin gida da gona, tana haifa masa 'ya'ya, ba sadaki ba igiyar aure. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003, kuma a 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci amma ya ce ai matarsa ce. Ta fita, ta auri wanda ta zaɓa da kanta. Sakamakon zaɓin nan shi ne hukuncin ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ta tsaya mata har kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Sumayya ta faɗa rijiya iyayenta suka sauko cikin 'yan shafuka. Hadijatou ta faɗi kalmar da Sumayya ta faɗa, ga wanda nake so, sai da ta kwana gidan kaso.

Yau ɗan ci-rani ba ya ɗauko littafi. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sun tsai da motocin kaya amma ba su tsai da labari ba, don ya riga ya koma cikin waya. Marubuta, galibinsu mata, suna sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, su ba da farko kyauta, in ya yi daɗi su ce a biya. Wasu kuma suna karantawa da murya su ɗora a YouTube. A Dakoro, mai cajin waya a bakin kasuwa shi ne ya gaji mai hayar littafi: ka ba shi 'yan dala, ya loda maka sa'o'i na karatu a ɗan katin waya. Wannan ya kawar da 'yar kwalejin da ke karanta wa gida. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba tana daka tana saurare, wayar na ɗaure a bakin zane. A Maris 2025 kundin da gwamnatin Nijar ta fitar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma labaran da ake saurare har yanzu yawancinsu a Kano da Kaduna da Abuja suke faruwa.

Kuma alƙiblar labarin ta juya. A zamanin Gidan Dabino 'yar mai kuɗi ce ke sauko wa talaka, ta zaɓe shi don halinsa, ta yi fito-na-fito da gidansu. A mafi yawan na waya, namijin ne attajiri, matashi mai kamfanoni da jirgin kansa, miskili da ba ya dariya, yarinyar kuwa 'yar aiki ce ko 'yar ƙauye mai tallar nono da ya kusa bugewa da mota. Ba ta zaɓar kowa. Ana wulaƙanta ta shafi ɗari, ta yi haƙuri, a ƙarshe ya gane darajarta ya kai ta Dubai. Mai sauraro a Dakoro ta san 'yan aikin nan, don daga ƙauyukan yankin ake kwasar wasunsu zuwa gidajen Maraɗi da Yamai, kuma ta san yadda suke dawowa: da 'yan kwanoni, da turmi biyu ko uku, sai auren da aka riga aka shirya musu tun suna can.